Tsohon ɓera mantuwa ya yi, ko shinshinar ce ta ishe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Jidda, ina gwajin gane sabon abu a kan ɓeraye nau'in C57BL/6. 'Yan wata 4 da na ajiye musu sabon abu sai su yi kansa, amma 'yan wata 22 da ƙyar suke kusantar sabon ko tsohon. In rubuta cewa tsufa ya taɓa musu ƙwaƙwalwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, dakata tukuna. Gwajin nan da masu bincike Ennaceur da Delacour suka fito da shi a 1988 ya dogara ne a kan ɗabi'a guda: ɓera ya fi daɗewa yana shinshinar abin da bai sani ba. Wanda ya laɓe a kusurwa bai shinshini komai ba, ba tunawarsa kika auna ba. Tsoro ne, ko ciwon gaɓoɓi, ko raunin gani.

Ki fara da sa su saba da hannunki da kuma akwatin gwaji. Ki yi kwana biyar kina ɗaukar su a hannu, sannan kwana biyu ko uku kowanne ya yi minti 10 a akwatin gwaji, mai faɗin kamar santimita 40, babu komai ciki. Ranar nuna musu abubuwa biyu iri ɗaya, kada agogo kaɗai ya yanke hukunci: ki bar kowane ɓera har ya tara sakan 20 na shinshina, iyaka minti 10. Da haka tsoho da yaro sun ga abin daidai wa daida. Wanda bai cika ba ki cire shi, ki kuma faɗi adadin waɗanda kika cire. Shinshina ita ce hanci ya fuskanci abin a tazarar santimita 2. Hawa kansa a zauna ba ya cikin lissafi.

Bayan awa ɗaya, ko awa 24 ga wani rukuni, ki musanya ɗaya daga abubuwan biyu da sabon abu. Ki debe lokacin shinshinar tsohon abun daga na sabon, ki raba da jimillarsu. Sifili na nufin bai bambance ba.

Ƙananan abubuwa ne ke lalata aikin. Ki goge akwati da kayan da itanol mai kashi 70, ki bari ya bushe sarai, don warinsa ma yana korar su. Ki riƙa sauya gefen da sabon yake. Haske ya zama marar ƙarfi, ɗaki tsakanin digiri 20 da 24, kuma a zafin Jidda kowa na ƙure mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, to kada iskarsa ta bugi akwatin. Ki duba idanun tsofaffin ko akwai yanar ido.

In duk wannan ya daidaita, ki dubi lokacin shinshinar tsohon abu da na sabon daban-daban, ba sakamakon rabawar kawai ba. A 2010 ɗakin binciken Carol Barnes a Arizona ya nuna cewa tsofaffin ɓeraye ba ƙara shinshinar tsohon abu suke yi ba, rage ta sabon suke yi, kamar sun taɓa ganinsa. Ana danganta hakan da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke rarrabe abubuwa masu kama da juna. Don haka ki gwada su sau biyu: da abubuwa masu kama, kamar kwalabe biyu, da kuma waɗanda suka sha bamban, kamar kwalba da tubalin Lego.