Ta yaya baƙo ke zama jagoran tim a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Tambaya: Salam malam. Ban daɗe da fara kallon ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ba, amma akwai abin da ke ɗaure min kai. Sai ka ji an ce wane gad (ɗan wasan da ke riƙe ƙwallo yana tsara wasa) ne ya yi tiransifa daga wata makaranta, bai fi wata huɗu da zuwa ba, amma wai shi ne jagoran tim, shi ne babban yaya. A ƙwallon ƙafa dai na san wanda ya daɗe a kulob ake ba kyaftin. Gaskiya ne ko dai surutun masu sharhi ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai surutu a ciki kam, masu sharhin Amurka ba sa gajiya da wannan maganar, duk gad ɗin da ya haura shekara 22 sai sun liƙa masa jagoranci ko da ko bai taɓa buɗe baki a fili ba. Amma ƙasan surutun akwai gaskiya, kuma ba za ka gane ta ba sai ka ajiye ma'aunin ƙwallon ƙafa tukunna.

A kulob mutum zai iya shekara goma, shi ya sa daɗewa ke da daraja. A jami'a kaka huɗu dama aka ware wa ɗan wasa, kuma wanda ya fi kowa iyawa ba ya ma tsayawa, kaka ɗaya ko biyu ya tafi NBA, gasar ƙwararru. Toh ka ga ɗan garin da kake tunani sau da yawa babu shi, ko kuma yana nan amma a benci yake. Sai kuma dokoki suka canza. A 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar tiransifa ta intanet inda ɗan wasa zai saka sunansa kowane koci ya gani, a Afrilun 2021 aka cire sharaɗin nan na zaman shekara guda ba wasa ga wanda ya sauya makaranta karo na farko, zuwa 2024 bayan kotu ta shiga maganar aka sake sassautawa har wanda ya sauya sau biyu ko uku ma zai buga nan take. Ga kuma kakar 2020-21 da aka ce ba za a lissafa wa kowa ita ba saboda korona, wannan ya sa aka cika fili da 'yan shekara 23 da 24 masu buga kaka ta biyar. Idan a cikin mutum 13 rabi duk sababbi ne, wanda ya buga wasa sama da ɗari a wani wuri ai shi ne babba, ko jiya ya sauke jakarsa.

Me ya sa gad, ba dogayen da ke ƙarƙashin raga ba? Saboda ƙwallo a hannunsa take kwana. Shi zai ɗauko ta daga baya, ya kalli koci ya karɓi alama, ya faɗa wa sauran tsarin da za a yi, kuma daƙiƙa 30 kacal gare su kafin su jefa. Dogo komai iyawarsa sai an miƙa masa. A gasar March Madness kuwa, wato gasar ƙarshen kaka ta neman kofin ƙasa, inda wasa ɗaya ka faɗi ka tafi gida, minti biyu na ruɗewar gad sun isa su kashe aikin shekara.

'Yan jami'ar Purdue sun ɗanɗana wannan a Maris 2023. Suna da Zach Edey mai tsawon ƙafa 7 da inci 4, gwarzon ɗan wasan ƙasar baki ɗaya, su ne lamba 1 a rukuninsu, aka haɗa su da Fairleigh Dickinson lamba 16 wadda ita ce tim mafi gajerun mutane a duk babban rukunin jami'o'i. Amma gad biyu na Purdue, Braden Smith da Fletcher Loyer, 'yan shekarar farko ne, su kuwa Fairleigh Dickinson nasu biyun, Demetre Roberts da Grant Singleton, 'yan kaka ta biyar ne da suka biyo kocinsu Tobin Anderson daga wata ƙaramar makaranta ta rukuni na biyu. Suka matsa wa yaran tun daga baya, ƙwallo ta riƙa kuɓucewa, aka zagaye Edey, na waje suka shiga tsoron jifa, biyar kawai suka ci cikin jifan maki uku 26. Aka tashi 63 da 58, aka fitar da Purdue. Me Purdue suka yi bayan nan? Suka ɗauko Lance Jones daga Southern Illinois, gad ɗan kaka ta biyar, ba don ya fi Edey cin maki ba, don ya tsare gad ɗin abokan hamayya ya kuma rage wa yaran nauyi. Shekara ta zagayo suka kai wasan ƙarshe.

Wanda ya doke su a can, UConn (jami'ar Connecticut) ta koci Dan Hurley, nan ne misalin da na fi so, don mutum biyu ne masu hali daban kuma duka baƙi. Tristen Newton ya zo a 2022 bayan kaka uku a East Carolina inda yake cin maki 17.7 a wasa, shi ne komai na tim ɗin can. Da ya zo UConn sai makinsa ya sauka zuwa 10, saboda aikin da aka ba shi shi ne ya ciyar da Jordan Hawkins da Adama Sanogo, ɗan Mali ɗin nan da ya buga gasar 2023 yana azumin Ramadan kuma aka zaɓe shi gwarzonta. Ba a fara da daɗi ba fa, a Janairun 2023 da suka yi ta shan kashi magoya baya sun yi ta cewa matsalar tim ɗin rashin gad na gaske ne. Newton ba mai hayaniya ba ne, fuskarsa ɗaya ko ana ci ko ana cinsu, ya ci gaba da abinsa, ranar wasan ƙarshe da San Diego State ya ci 19 ya kwaso ribawun (ƙwallon da ta dawo bayan jifa bai shiga ba) 10.

Bayan kofin Sanogo da Hawkins da Andre Jackson duk suka tafi, a nan Hurley ya kawo Cam Spencer, wanda ya yi kaka uku a Loyola Maryland da ɗaya a Rutgers. Shi wannan wuta ne, ihu, cacar baki, tsokanar 'yan kallon abokan hamayya, kamar kocin nasa sak. Kuma ba baki kawai ba, kashi 44 cikin ɗari na jifan maki ukunsa suna shiga. Ka duba wa ke gefensu: Stephon Castle ɗan shekara 19 da kowa ya san NBA zai tafi, da Donovan Clingan ɗan shekara ta biyu. Yaro irin Castle a wata makarantar da shi za a ɗora wa ƙwallo ya yi ta kuskure ana haƙuri, a nan kuwa aka ce masa tsare mana mafi hatsarin ɗan wasansu, sauran a bar wa manya. Suka ci wasa 37 suka faɗi 3, ranar 8 ga Afrilu 2024 suka doke Purdue 75 da 60 duk da Edey ya ci 37 shi kaɗai, Newton ya ci 20 ya ba da fasin ɗin ci 7 aka ba shi gwarzo. Abin dariyar, a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na shekarar Castle ne na 4, Clingan na 7, Newton na 49, Spencer na 53. Wato waɗanda suka ja ragamar ba su ne suka fi baiwa ba.

Ni a ganina nan ne inda ake raba jagoran gaske da na bakin masu sharhi: ya yarda ya rage cin makinsa ko bai yarda ba. Yaran da ya tarar ba wawaye ba ne, tun tirenin ɗin bazara na Yuni da Yuli suke kallonsa, wa ke riga kowa zuwa, wa ya haddace tsare-tsaren koci cikin sati biyu, wa ke gudu ya koma tsaro bayan ya ɓarar da jifa. Baƙon da ya shigo da faɗa da ba da umarni tun ranar farko, alhali tun Yulin 2021 da aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu kowa na zargin an biya shi fiye da su, wallahi ba wanda zai saurare shi. Da ɗan gari kan ci gari, masu wayo a cikinsu suna fara kama wanda suka tarar ne, irin su Alex Karaban a UConn, kafin su ɗaga murya.

Kuma ba kowane tsohon hannu ne ke zama jagora ba ko da ya yi amfani. Remy Martin ya bar Arizona State yana cin 19 a wasa ya koma Kansas a 2021, ciwon gwiwa ya dame shi, ya ƙare yana tasowa daga benci, tim ɗin kuwa ta su Ochai Agbaji ce da suka girma a gidan. A gasar March Madness ta 2022 ya farfaɗo, ya ci 14 a wasan ƙarshe da suka doke North Carolina 72 da 69, amma ba wanda zai ce shi ya ja ragamar tim ɗin. Don haka in ka ji an ce wane jagora ne, kar ka duba makinsa. Jira lokacin da aka ci su maki takwas a jere ko lafari ya busa fawul, 'yan wasan suka taru a layin jifa kafin koci ya ce uffan, ka ga bakin wa ke motsi kuma wa sauran huɗun ke kallo.

Gwada shi da wasan ƙarshe na 2025 tsakanin Florida da Houston in ka samu bidiyon. Walter Clayton Jr. da ya zo Florida daga Iona, bayan ya ci 34 a kan Auburn, Houston suka rufe shi bai ci ko maki ɗaya ba a rabin farko, Florida na baya da 12 a rabi na biyu. Bai shiga jifan dole ba, ya yi ta raba ƙwallo, Will Richard wanda shi ma daga Belmont ya zo ya riƙe su da maki 18. Clayton ya ƙare da 11 da fasin ɗin ci 7, kuma a daƙiƙun ƙarshe shi ne ya taso wa Emanuel Sharp na Houston da tsalle har ya kasa jefawa, Florida ta ci 65 da 63.