Me Ya Fi Nauyi a Zaɓen Gwarzon NBA, Nasarar Ƙungiya ko Alƙaluman Ɗan Wasa?

Tambaya: Malam, a kakar 2024-25 ta NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Nikola Jokić ya kai matsakaicin goma ko fiye a maki, da cafke ƙwallon da ta kuskure kwando, da bai wa abokin wasa ƙwallon da ya zura, amma aka ba Shai Gilgeous-Alexander kyautar MVP, wato gwarzon ɗan wasan kakar. Russell Westbrook kuwa ya ci ta a 2017 da irin wannan bajinta. Ina adalci a nan?

Amsa: Malam, sai mu fara da yadda ake zaɓen. 'Yan jarida da masu sharhi 100 ne ke kaɗa ƙuri'a, kowa ya jera mutum biyar, na farko ya sami maki 10, sauran kuma 7, 5, 3 da 1. Wasanni 82 na kakar kaɗai ake dubawa, kafin a shiga zagayen neman kofi, kuma tun kakar 2023-24 wanda bai buga wasa 65 ba ba ya shiga takara. Babu wata doka da ta fayyace ma'aunin, sai dai al'adar masu zaɓen a bayyane take: yawanci suna fara duban ƙungiyoyin da ke saman teburi.

Wannan al'ada ta daɗe. A kakar 1961-62, lokacin da 'yan wasa ne da kansu ke zaɓe, Wilt Chamberlain yana cin maki 50.4 a kowane wasa, Oscar Robertson kuma ya haɗa fannonin nan uku, amma Bill Russell ne ya ɗauki kyautar, Boston Celtics ɗinsa ta ci wasa 60. Haka Steve Nash ya ci ta a 2005 da maki 15.5 kacal, domin zuwansa ne ya ɗaga Phoenix Suns daga nasara 29 zuwa 62.

Shi Westbrook abubuwa biyu ne suka haɗu masa. Shekara 55 ke nan ba a ga wanda ya maimaita abin da Robertson ya yi ba, sannan Kevin Durant ya bar Oklahoma City zuwa Golden State, nauyin ƙungiyar ya dawo kan Westbrook shi kaɗai, ya kai ta matsayi na shida a shiyyar Yamma da nasara 47. Jokić ma ya ci gajiyar irin wannan hali a 2022, da Denver ta ƙare ta shida da nasara 48, alhali Jamal Murray bai buga ko wasa ɗaya ba saboda raunin gwiwa.

A 2025 kuwa bajintar ta daina zama baƙuwa, tunda Westbrook kansa ya yi ta sau huɗu. Denver ta Jokić ta ci wasa 50, Oklahoma City ta Gilgeous-Alexander ta ci 68, Gilgeous-Alexander kuma shi ne ya fi kowa cin maki da 32.7.

A ganina zaɓen ya yi daidai, ko da yake akwai abin da ke damuna a al'adar: ɗan wasa ba shi ne ke ɗauko abokan wasansa ko mai horarwa ba, amma sau da yawa ana saka masa ko a hana shi saboda aikin shugabannin ƙungiya. Kobe Bryant ya ci maki 35.4 a kakar 2005-06 tare da Lakers mai rauni, ya ƙare na huɗu a ƙuri'ar.