Ga mai tambaya kan teburin PyQt da ke sandarewa

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don wannan ciwon na sha shi. Ka ce teburinka na PyQt (kayan haɗa fuskar manhaja da yaren Python) layuka dubbai ne, lambobi na canzawa kowane sakan, manhaja na sandarewa, kana neman yadda za ka riƙa sabunta layukan da ke kan allo kaɗai.

Ni a wani shagon magani abin ya same ni. Wata uku ina haɗa musu manhajar lissafin kaya. Ranar gwaji aka zuba kayan shagon kaf, mai shagon ya ja linzami ƙasa sau ɗaya, allo ya yi fari fat. Yaransa sun zuba mini ido, wata tsohuwa na tsaye da takardar likita a hannu tana jira. Ya juyo ya ce, "Dama an faɗa mini yaran yanzu sai cika baki." A gaban kowa fa! Kuma tun farko na gaya masa kwamfutarsa ta tsufa. Cikon kuɗina har yau bai ba ni ba. Daren nan ban runtsa ba, kuma har gobe in na bi ta layin sai raina ya sosu.

Rabu da QTableWidget, mai sa ka ƙirƙira wa kowane gurbi nasa QTableWidgetItem. Koma QTableView, mai nuna tebur a allo, da QAbstractTableModel, mai miƙa masa bayanan. Shi QTableView in zai zana tebur, gurbin da ido ke gani kawai yake tambaya ta data(), umarnin da za ka rubuta a QAbstractTableModel ɗinka don ba da abin da ke cikin gurbi, ka ga rabin aikin an yi maka. Amma don Allah kada ka sa data() ta riƙa leƙa rumbun bayanai, kiranta ake yi ba adadi.

Layin sama rowAt(0) ne zai ba ka shi, na ƙasa rowAt(viewport().height() - 1). In ka ga -1, layukan ba su cika allon ba ne, ɗauki na ƙarshe. Sai ka tura dataChanged, wato sanarwar cewa bayanai sun canza, tsakanin layin sama da na ƙasa, QTimer mai ƙirga lokaci na tattara canje-canjen duk rabin sakan. Guji beginResetModel, mai sabunta teburin gaba ɗaya, a kai a kai, yana goge zaɓin layin da mutum ya yi yana tsakiyar aiki. Af, ResizeToContents, mai daidaita faɗin gurbi da rubutun da ke ciki, shi ma ya ci ni, har layuka 1000 yake aunawa.

In na wani kake yi wa, karɓi rabin kuɗinka tukuna, kuma ka gwada a kwamfutarsa, da ainihin kayansa, kai kaɗai kafin a tara maka mutane. Turo mana data() ɗinka mu duba.