Da wa za ka yi Larabci a Kano? Amsar kawunka na Gadarif

Ɗana, tambayar da ka yi mini daren jiya a ƙofar gida bayan isha'i, a tsaye na amsa maka ita, sauro na cizo, 'yan adaidaita sahu na ta hon. Ka ce shekararka uku kana karanta Larabci a Jami'ar Bayero, ka haddace littafin nahawu na Ajuruma tun kana yaro, ka taɓa na Alfiyya, kana i'irabin aya daga farko har ƙarshe, amma in aka ce ka yi cinikin tumatir ko ka ba da labarin abin da ya same ka jiya, sai harshe ya ɗaure. Ka tambaye ni mu Hausawan Sudan wa ya koya mana, kuma da wa muke gwadawa. Na ce maka ba kowa, ka yi dariya. Rabin gaskiya na faɗa maka, shi ya sa na zauna na rubuta sauran kafin in koma.

Ka fara sanin yadda muka je can. Wasunmu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, kuma garin da suka kafa har gobe Mai Wurno ake ce masa. Mafi yawanmu kuwa jikokin alhazan ƙafa ne: Borno, Wadai, Darfur, Ubayyid, sai Sawakin a bakin teku. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu, mutane da yawa suka sauke kaya. Kakana, wanda da kakan babanka uwa ɗaya uba ɗaya suke, ya yi hajjinsa, a hanyar dawowa ya tsaya Gadarif ya ce zai noma riɗi shekara ɗaya ya samu kuɗin hanya. Mu ne shekara ɗayar nan.

Matarsa, kakata, ta fi shekara hamsin a ƙasar Larabawa, ta rasu Larabcinta bai wuce gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba. Ba don ƙwaƙwalwa ba, matar da ke riƙe lissafin adashin unguwa duka a ka. A unguwarmu mahauci Bahaushe ne, ungozoma Bahaushiya, liman Bahaushe, maƙwabta dama da hagu haka. Me za ta nema a bakin Balarabe? Shi kuwa kakana, da ya yi ƙodago a gonar mutane ya yi rigimar lada da masu gona, har zagi ya iya da Larabci. To in kana ganin da ka sauka Alƙahira ko Madina harshenka zai kwance da kansa, ka tuna da kakata. Na ga ɗalibai 'yan Nijeriya a Khartum sun kama ɗaki tare, tukunya ɗaya, hira ɗaya, sun dawo da digiri da Hausa tsantsa.

Abin da gidanmu ke yi in baƙo ya zo daga nan da niyyar zama shi ne a bar shi ya huta mako guda, sannan a miƙa shi. Wato a kai shi wurin sana'ar da masu zuwa ba sa jin Hausa. Yawanci teburin agashe ne. Agashe tsirenmu ne da ƙuli da yaji, kalmar ma tamu ce, “a gashe”, Larabawan Sudan suka karɓe ta da naman gaba ɗaya. Daga magariba yaro yana tsaye gaban wuta, hayaƙi na shiga ido, mutum biyar na magana a lokaci guda. Wannan ya ce “be kam?”, nawa ne. Wancan ya ce “zid shatta”, ƙara barkono. Wani ya miƙo kuɗi yana jiran canji yana ƙorafi. In yaron bai gane ba, kuɗin maigida ne zai tafi, kuma ya san da haka. Wata uku a wurin sai ka ji yana mayar da baƙar magana.

Akwai wani malami ɗan nan cikin gari da ya sauka gidanmu shekarun baya, mutum mai karatu ƙwarai, mahaifina ma a gabansa yake buɗe littafi. Ya shiga kasuwa zai sayi albasa, ya gyara murya ya jero jimla da wasullanta cif, irin ta kan mumbari. Mai albasa ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce, “Sadaƙallahul azim.” Rumfar duka ta fashe da dariya. Malam ya dawo gida ya kwana bakwai bai ƙara yi wa Balarabe magana ba. Wanda ya warkar da shi wani tsohon maigadi ne da ke zama wurin mai shayi a bakin layinmu, mutumin da bai iya rubuta sunansa ba, ba shi da zance sai ƙwallo, Hilal da Marikh, manyan ƙungiyoyin Sudan biyu. Shi ɗan Marikh ne. Kullum da yamma sai ya tsokani Malam, Malam kuwa da bai taɓa kallon ƙwallo ba ya zama ɗan Hilal don ya samu abin musu. Tsohon bai taɓa gyara masa kuskure ba, sai dai ya maimaita maganar yadda ake faɗarta ya ci gaba da gardamarsa. Da Malam zai tafi, tsohon ne ya fi kowa kuka.

Sai kuma azumi. A can ba a shan ruwa cikin gida, tabarma ake shimfiɗawa a kan titi, kowane gida ya fito da abin da ya dafa, har mota ake tarewa a ce sai direba ya sauko. Dare talatin kana zaune da mutanen nan dai, zance ɗaya yana dawowa, farashin dawa, ruwan bana, wanda ya yi aure. Abin da ka kasa kamawa daren farko, a dare na goma kai ke faɗarsa. Haka gayya, da suke kira nafir, haka zaman makoki.

Ka ce kun buɗe zauren WhatsApp ku 'yan aji, kuka sa doka ba Hausa, bai yi mako biyu ba ya koma wurin tura sanarwar ɗaurin aure. Ban yi mamaki ba. Kowa a cikinku ya san ɗan'uwansa na jin Hausa, kuma kowa na tsoron lahani, wato kuskuren nahawu. Wannan ciwon almajiran Kano ne, ka yi haƙuri in faɗa: mutum ya ɗora fataha inda ya kamata ya sa kisira, sai a yi ta maimaita masa har ya yi aure. Wa zai buɗe baki a irin wannan wuri? Abokin ajinka ka riƙe shi don muraja'a, ku ja baƙi tare, ku yi wa juna tambayar nahawu, nan yake da amfani. Amma na baki, nemi wanda Larabci ya fi masa sauƙi a kan Hausa, kuma akwai wata hulɗa tsakaninku ban da karatu.

Kuma suna nan Kano, kwana goma da na yi na ji su da kunnena. Akwai Shuwa na Borno da mutanen Chadi, Larabcinsu ɗan'uwan namu ne, ina magana da su ba tafinta. Akwai waɗanda aka haifa a Makka da Jidda suka dawo, wasu tela, wasu masu turare, wasu masu abinci, da yawansu suna jin kunyar Hausarsu kamar yadda kake jin kunyar Larabcinka. Akwai ɗaliban da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya koro daga Khartum. Kai ɗinkinka wurin telan nan, ka zauna har ya gama, ka yi masa ƙorafin wuyan riga da Larabci. Ka koma mako mai zuwa ko ba ka da ɗinki.

Na san abin da ke ranka: kada darija, Larabcin kasuwa da gida, ta ɓata maka fusha, Larabcin littafi. Makarantar da aka buɗe a nan Kano a 1934 don horar da alƙalai, wadda ta zama SAS, Makarantar Nazarin Larabci, malaman da aka fara kawowa daga Sudan suke. A gidajensu “ya zol”, wato “kai mutumin nan” da darijar Sudan, suke cewa kamar kowa, kuma su suka koyar da manyan malaman Arewa fusha. Wanda bakinsa ya saba motsi da ɗaya, ɗayar ba ta yi masa nauyi.

Yanzu ga tawa buƙatar. Jiya da ka bi da ni ta Alfindiki da Dandalin Turawa, ka nuna mini gidajen jikokin Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zama Kanawa, Larabci sai a salla, jikina ya yi sanyi, don abin da ke faruwa a gidana ke nan ta ɗaya gefen. Autana shekararsa goma sha bakwai. Tun yana firamare yara suka riƙa kwaikwayon maganarsa suna ce masa Fallati, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma a can, ya daina Hausa a waje, daga baya ya daina a gida. Yana ji sarai, amma in na ce ya kawo ruwa sai ya ce “moya?”, wato ruwa da Larabcin can. Da na haɗa shi da Hajiyarku ta nan Kano a waya da Sallah, bayan “ina wuni” shiru ya yi, ta yi ta kiran sunansa tana zaton layi ne ya yanke.

Zan bar maka lambarsa wurin babanka. Duk Juma'a bayan la'asar ɗinku, mu muna gabanku da awa ɗaya, in akwai wuta da sabis, ka kira shi. Rabin awa shi ya yi Hausa, rabin awa kai ka yi Larabci. Kada ka gyara masa, shi ma na ce kada ya gyara maka. Ɗan Hilal ne, ba ya son a taɓa ta, sai ka san ta inda za ka fara.