Tambayi Likita: Sabon Maganin Sikila, Na'urar Auna Oksijin da Sauran Abubuwan da Bincike Ya Gano

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karo duk daga labaran binciken kimiyya suka taso. Labarin bincike yakan iso wa mutane a taƙaice, an yanke masa kai da ƙafa. Shi ya sa a kowace amsa zan faɗi a kan wa aka yi gwajin, domin daga nan ne ake gane ko sakamakon ya shafi mara lafiyar da ke gabanka.

Likita, ɗana mai shekara 9 yana da sikila. Na ji an samo maganin da ke warkar da ita baki ɗaya. Gaskiya ne? Ƙwaya ce ko allura?

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa, ya kuma saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Labarin yana da tushe. Sunan maganin Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamban shekarar. Sai dai ba ƙwaya ba ce, ba kuma allurar da ake yi a tashi a tafi gida ba ce. Aiki ne na watanni.

Himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini. Jariri a cikin mahaifa yana da wani nau'insa na daban, wanda ba ya sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar yadda ake gani a sikila. Bayan haihuwa sai jiki ya rage yin sa a hankali, ya koma yin na manya. Wannan ne dalilin da ya sa yaro mai sikila yakan yi watanni biyar ko shida lafiya lau kafin kumburin hannu da ƙafa ya fara. Akwai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, ita ce ke ba da umarnin a daina yin himogulobin na jarirai. Masana sun yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR, wadda Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020, suka yanke wurin da ke kunna wannan umarni a cikin ƙwayoyin da ke samar da jini. Sai jiki ya koma yin himogulobin ɗin da ya bari tun yana jariri.

Ana farawa da ƙarin jini akai-akai na kusan wata biyu. Daga nan a ba da maganin da ke fito da ƙwayoyin asali, wato masu samar da jini, daga ɓargo zuwa cikin jini, a tace su da inji, kuma sau da yawa sai an maimaita tacewar kafin a samu adadin da ake so. A aika su ɗakin gwaji a gyara, wanda kan ɗauki watanni. Mataki mafi nauyi shi ne na gaba: ana ba mara lafiya busulfan, magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, na kwana huɗu, don a share tsohon ɓargon. Sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa ta jijiya, ya zauna a asibiti mako huɗu zuwa shida. A tsawon makonnin nan garkuwar jikinsa tana ƙasa sosai, ƙaramar cuta na iya zama babba, baki yakan yi gyambo, gashi ya zube. Busulfan kuma yana iya hana haihuwa har abada, shi ya sa ake tattauna adana maniyyi ko ƙwan haihuwa tun kafin a fara.

A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Ga wanda ya san abin da daren tashin sikila yake nufi, wannan babban abu ne. Amma mutanen kaɗan ne, shekarun da aka bi su ma kaɗan ne, kuma amincewar da aka bayar a 2023 ta masu shekara 12 zuwa sama ce. Wanda aka yi wa aikin zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa ƙwayar sikila, domin ɓargo aka gyara, ba a taɓa ƙwayoyin haihuwa ba. Ga tsada mai yawa, ga ƙarancin asibitocin da ke iya yin sa.

A ganina binciken da ya fi amfanar ɗanki a yau shi ne wanda aka wallafa a 2019, wanda aka yi kan yara kimanin 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda. An ba su hydroxyurea kullum, tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, buƙatar ƙarin jini da mace-mace ma suka ragu. Shi ma himogulobin na jarirai yake ƙarawa. Ana auna shi da nauyin yaro, yawanci a fara da miligiram 15 zuwa 20 kan kowane kilo a rana, tare da gwajin jini lokaci-lokaci domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Kada a saya a fara ba tare da likita ba. Ki kuma nemi a riƙa yi masa gwajin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa sau ɗaya a shekara har ya kai 16, domin shi ke nuna yaron da ke fuskantar shanyewar ɓarin jiki. Zafin jiki ya kai 38.5, asibiti za a tafi a ranar.

Mahaifina yana da ciwon huhu. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna 94, amma ina ganin yana haki. Wanne zan yarda da shi?

Malam, ka yarda da idonka. Na'urar ba ta taɓa jini. Haske iri biyu take ratsa yatsa da shi: ja, da wani wanda ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin yana barin jan haske ya wuce, wanda ya rasa oksijin kuma yana shanye shi. Na'urar tana kwatanta abin da ya fito ta ɗaya gefen, sai ta duba wani jadawali da aka saka mata tun daga masana'anta. An gina jadawalin ne da gwajin da aka yi wa 'yan sa-kai, akasarinsu masu farar fata, alhali sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan haske.

A Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da ainihin gwajin jinin jijiya. A lokutan da ta nuna tsakanin 92 da 96, ainihin oksijin ya kasance ƙasa da 88 a kusan kashi 12 cikin 100 na gwaje-gwajen baƙaƙen fata, a fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Wato ninki uku. Kuskuren kuma ta ɓangaren da ya fi haɗari yake: tana nuna mutum ya fi lafiya a kan yadda yake.

Wannan ba ya nufin a jefar da ita. Ya zauna ya huta minti biyar, a ɗumama hannun in yana da sanyi, a goge jan farce in akwai, a ɗora hannun a ƙirji kada ya motsa. A jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya wuri guda, a rubuta ta da lokacin. Sauyin da ake gani daga jiya zuwa yau ya fi lamba ɗaya tilo faɗin gaskiya. Sannan ka ƙirga numfashinsa na cikakken minti ba tare da ya sani ba. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. In ya haura 24, ko ya kasa gama jimla ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, ko ya fara rikicewa, ko harshe da cikin leɓe suka dushe, a tafi asibiti ko da na'urar na nuna 96. In ta nuna 92 ko ƙasa, shi ma tafiya ce, sai dai in likitansa ya riga ya faɗa muku cewa saboda daɗaɗɗen ciwon huhu matsayinsa 88 zuwa 92 ne.

Abu guda da mutane da dama ba su sani ba: wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a ɗaki a rufe, na'urar na iya nuna 98 alhali yana bakin mutuwa, domin ba ta bambanta gubar hayaƙin da oksijin.

Na saka sakamakon gwajina a manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta yi min bayani dalla-dalla. Ai an ce yanzu ta fi likitoci iya gano cuta, ko?

Abubuwa biyu ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai manhajar da aka horar a kan aiki guda tak, aka kuma gwada ta a asibiti. A Suwidin an raba mata kimanin 80,000 gida biyu wajen duba hoton mama, kuma rahoton 2023 ya nuna ɓangaren da kwamfuta ta taimaka wa likitoci ya gano ƙarin ciwon daji da kusan kashi 20 cikin 100, aikin karanta hotuna kuma ya ragu da kashi 44. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja wajen tantance hoton ƙirji don neman tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. A duka biyun kwamfuta nuni kawai take yi. Hoton da ta yi zargi sai an bi shi da gwajin majina, ko a ɗebi tsoka a duba. Kuma manhajar da ta ƙware da hotunan wani asibiti takan rage inganci in aka kai ta inda injin ɗaukar hoto da jama'ar suka bambanta.

Manhajar hira da kika yi amfani da ita, Hajiya, an gina ta ne ta haɗa zance mai kama da daidai. Sau da yawa tana dacewa, amma in ta kuskure da irin muryar tabbacin nan take faɗa. Ba ta san ko kina da juna biyu ba, ba ta san magungunan da kike sha ba, ba ta taɓa cikinki ba. Tana da amfani wajen fahimtar ma'anar kalma ko shirya tambayoyin da za ki yi wa likita. Kada ki fara magani, ki daina, ko ki sauya adadinsa a kan maganarta. Ki kuma rufe sunanki da lambar katinki kafin ki ɗora takardar.

Shin wayar hannu na jawo kansar ƙwaƙwalwa?

Hujjar da ake da ita ta ce a'a. A 2024 aka wallafa wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022, bai kuma samu alaƙa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da waya. Kimiyyar fiziks ma ta goyi bayan haka: igiyar rediyon da waya ke aiki da ita ba ta da ƙarfin tsinka ƙwayoyin gado kamar hasken hoton ƙashi, iyakarta ɗan ɗumi. Illar waya da muke gani a asibiti ita ce ta mai tuƙi yana latsa ta, da ta mai hana kansa barci.

An yi wa 'yata allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau uku, amma ta kamu. Allurar ba ta aiki ne?

Tana aiki, sai dai ba a taɓa cewa tana tare cutar ɗungurungum ba. Iri biyu ne: RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021, da R21 ta Jami'ar Oxford da aka amince da ita a Oktoban 2023. Dukansu suna koya wa jiki ya tare ƙwayar cutar a ɗan lokacin da ke tsakanin cizon sauro da shigarta hanta. In 'yan kaɗan suka kuɓuce suka shiga, za su hayayyafa, zazzaɓi ya zo. A shekarar farko suna rage kamuwa da fiye da rabi, ya kai kusan kashi 75 in an yi su gab da lokacin da cutar ke ƙamari. A Ghana, Kenya da Malawi, inda aka yi wa yara sama da miliyan biyu daga 2019, mutuwar ƙananan yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100.

Kariyar tana raguwa da tafiyar lokaci, don haka allura ta huɗu ba ta ganin dama ba ce. Ki duba katinta ki ga ranar da aka rubuta. Gidan sauro na nan daram. In zazzaɓi ya zo a yi gwaji cikin awa 24. In an ba ta artemether-lumefantrine, sau shida ake sha a kwana uku, tare da nono ko abinci mai ɗan maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai, in kuma ta yi amai cikin rabin awa a sake ba ta. A gama shi ko da ta miƙe a rana ta biyu, domin an riga an tabbatar da ƙwayoyin cutar da suka fara jure wa wannan rukunin magani a Ruwanda, Yuganda da Eritiriya. Jijjiga, yawan barci, kasa shan nono ko amai ba tsayawa kuwa ba na jiyya a gida ba ne, a kai ta asibiti nan take.