Aikin sa kai a baje kolin zomaye

Ɗan uwa ka ce ana neman masu taimakawa wajen baje kolin zomaye nan Damagaram, kai kuma ba ka taɓa kiwo ba, ko za ka iya? Za ka iya mana, je ka ba da sunanka. Aikin dai ɗauko zomo ne daga keji zuwa teburin masu dubawa, ka lura da lambarsa kar a musanya na wani, ka maida shi ka zuba mai ruwa.

Amma fa ka je wurin mai kiwo ka koyi riƙo tukun. Kar ka ɗaga shi da kunne yadda ake yi a kasuwa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya ya tallabo ƙugu ka manna shi jikinka, don in ya yi harbi yana reto ƙashin bayansa na iya karyewa. Sai zafi, zomo in an wuce digiri 30 ya fara wahala mu ko lokacin bazara 40 muke wucewa. Wallahi na taɓa rasa uwa mai ciki a haka, rana ta juyo kan kejin ban lura ba, har yau abin na cina. In ka ga yana haki maza kai shi inuwa ka shafa mai ruwa a kunnuwa.