Filin Amsa Tambayoyinku: Ɗalibai 12, Na'urar Auna Ji Guda Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibiti a nan Yamai. A bana shugaban sashenmu ya ɗora mini alhakin kula da ɗaliban da makarantun koyon aikin lafiya ke turo mana domin su koyi gwajin ji a aikace. An turo mini 12 a lokaci guda, za su yi wata 2, alhali na'urar auna ji ɗaya gare mu, ɗakin gwajin ba ya ɗaukar fiye da mutum 3 ban da wanda ake gwadawa, kuma mu biyu kacal muka iya aikin. Makarantun suna son kowane ɗalibi ya koma da maki, marasa lafiya kuwa suna layi tun da sassafe. Yaya zan tsara abin yadda ɗalibai za su koya ba tare da an cutar da marasa lafiya ba? (Daga wata mai karatu a Yamai)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ki ikon sauke wannan nauyi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan ji a shekarar 2021 ya nuna cewa mutane miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke bukatar kulawar masana, kuma a mafi yawan ƙasashen Afirka ƙwararren mai auna ji bai kai ɗaya ga mutum miliyan ba. Ma'anar wannan a wurinki ita ce, da yawa daga cikin yaran nan za a tura su Tawa, ko Damagaram, ko Agadas, inda babu wanda zai sake duba aikinsu, saboda haka duk ɗabi'ar da suka ɗauka a hannunki, mai kyau ko maras kyau, da ita za su yi shekaru suna aiki.

Shawarata ta farko ita ce ki yi lissafi da yawan masu koyarwa da girman ɗakin gwaji, ki bar lissafi da yawan ɗaliban da aka turo. Ɗalibai 2 kaɗai ya kamata su shiga ɗakin a lokaci guda tare da ke ko abokiyar aikinki, ɗaya yana riƙe da na'ura, ɗaya yana rubutu. Sauran ki raba su, suna juyawa mako mako: wasu a ɗakin da likita ke duba marasa lafiya, su koyi tambayar tarihin ciwo da leƙa kunne da fitila, wasu a sashen yara da na haihuwa, wasu kuma, in an samu izini, su yi kwanaki a makarantar kurame su ga rayuwar yaran da gwajin ya shafa. Kafin zangon gaba kuma, ki roƙi shugaban sashe ya rubuta wa makarantun adadin da za ku iya karɓa da ranakun da za ku karɓe su, domin muddin ba a rubuta ba, haka za a ci gaba da turo miki su ayari guda.

A makon farko kada ɗalibi ko ɗaya ya gwada maras lafiya. Su gwada junansu har hannunsu ya faɗa. Su san cewa ɓangaren abin sawa a kunne mai launin ja na dama ne, shuɗi na hagu, kuma a kan takarda ana yi wa kunnen dama alamar da'ira, na hagu alamar gicciye. Su saba da farawa daga sauti mai 1000 Hz (ma'aunin kaifi ko kaurin sauti), su hau zuwa 2000 da 4000 da 8000, sannan su dawo 500 da 250, kuma su riƙe ƙa'idar rage desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 10 in mutum ya ji, a ƙara 5 in bai ji ba, har a gano mafi ƙarancin sautin da yake amsawa a kai a kai. Ki kuma naɗa ɗalibi guda kowace safiya, wanda aka tabbatar jinsa lafiya lau ne, ya sa na'urar a kunnensa ya saurari kowane sauti yana motsa wayoyin, saboda waya mai tsinkewa daga ciki takan sa a rubuta wa mai lafiya kurumtar da ba ya da ita. Wannan dubawar ta kullum ba ta maye gurbin daidaita na'urar da masu gyara ke yi sau ɗaya a shekara, amma tana kama ɓarna da wuri.

Idan suka fara da marasa lafiya, ki tsaya a bayansu ki lura da abin da littafi ba ya nunawa. Dattijo zai zauna, an sa masa abin kunne, an ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙara. Shi kuwa ba ya son ya ba yaron kunya, sai ya zuba wa kafaɗar ɗalibin ido, da zarar ta motsa wajen danna maɓalli sai ya ɗaga hannu, ko ya ji ko bai ji ba. Wani ɗalibin kuma yakan danna a tazara iri ɗaya, har mutum ya gane lokacin ya riƙa amsawa da ka. Maganin duka biyun shi ne a juya kujerar maras lafiya ta yadda ba ya ganin hannun mai gwaji, a kuma riƙa sassaɓa tazarar da ke tsakanin sautuka. Haka nan uwa da ke riƙe da yaro takan ɗan zabura in ta ji sautin, yaron ya juya saboda motsinta, ɗalibi ya yi murna ya rubuta cewa yana ji.

Akwai kuma batun hayaniya, wanda a garinmu ba ƙaramin abu ba ne. A watannin Afrilu da Mayu babu mai iya zama a rufaffen ɗaki ba fanka, amma ƙugin fanka da na injin wuta idan an ɗauke lantarki suna danne ƙananan sautuka na 250 da 500 Hz, sai sakamako ya fito kamar mutum yana da rauni a nan. Ki sa gwaje-gwajen ɗalibai da safe kafin rana ta take, a kashe fanka na ɗan lokacin gwajin, kuma in dole aka yi gwaji injin wuta yana aiki, a rubuta hakan a gefen takardar domin likitan da zai karanta ya sani.

Inda na fi son ki tsananta shi ne sa hannu. Kada takardar gwaji ko ɗaya ta fita daga ɗakin sai ke ko abokiyar aikinki kun duba kun sa hannu, ko da layi ya kai bakin ƙofa. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne mantawa da cewa sauti mai ƙarfi da aka sa a kunnen da ya mutu yana ratsa ƙashin kai ya isa kunne mai lafiya, mutum ya amsa, a rubuta cewa mataccen kunnen yana ji. Shi ya sa idan bambancin kunnuwan biyu ya kai desibel 40 ake sa wa kunne mai lafiyar wani shuu da zai shagaltar da shi, kuma wannan dabara ce da ɗalibi ba ya ƙwarewa a kanta cikin wata 2. Wani kuskuren shi ne gwada ji ba tare da an fara leƙa kunne ba, alhali dauɗa ce ta toshe shi, ko auduga, ko guntun gashin kaza da aka yi susa da shi. Da irin wannan takarda iyali za su iya sayar da dabba su sayi na'urar ƙara ji ga mutumin da wankin kunne kawai yake bukata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: a ce wa mutum ya dawo gobe ya fi a sallame shi da sakamakon ƙarya.

Sai batun harshe, wanda nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Jerin kalmomin da ake gwada fahimtar magana da su a ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin na Fournier, na Faransanci ne, kuma tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba za ta iya maimaita kalmar da ba ta taɓa ji ba ko da kunnenta garau yake. Ki haɗa ɗalibanki biyu biyu ta yadda a kowane rukuni akwai mai jin Hausa da mai jin Zabarmanci, kuma ki san wanda za a kira idan mai Fulatanci ko Buzanci ya zo. Za su iya tattara sanannun kalmomi na gida su yi amfani da su don samun haske, amma ki gargaɗe su kada su rubuta sakamakon da kashi cikin ɗari kamar jeri ne da masana suka tantance.

Game da waɗanda za ki tura sashen yara, a nan ne ɗalibai za su iya yi wa asibitin aiki na gaske tun suna koyo. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da sanƙarau ke addaba a lokacin rani. Rigakafin nau'in A da aka fara a 2010 ya rage shi ƙwarai, amma annobar 2015, wadda nau'in C ya haddasa kuma ta taɓa Yamai sosai, ta nuna cewa cutar ba ta tafi ba. Kurumta na cikin manyan illolin da take bari, kuma bayan ciwon ƙashi yakan iya tsirowa a cikin kunnen ciki ya cike shi, don haka ake son a gwada jin yaro kafin a sallame shi ko cikin makonni kaɗan bayan sallama. Ki ba ɗalibai aikin rubuta sunan duk yaron da ya yi sanƙarau, da jaririn da ya yi shawara mai tsanani, da wanda aka daɗe ana yi wa allurar jentamisin (maganin ƙwayoyin cuta mai iya cutar da ji), su tabbatar an ba iyayen ranar gwaji kafin su ɗaure kayansu. Su kuma haddace ma'aunin da ake bi a ƙasashe da dama: a tantance jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Amma faɗa wa uwa cewa ɗanta ba ya ji ba aikin ɗalibi ba ne. Ya tsaya ya saurari yadda ke ko likita kuke yi.

Batun maki mai sauƙi ne in kin fara shi tun ranar farko. Kowane ɗalibi ya riƙe karne da zai rubuta abin da ya kalla, da abin da ya yi a gabanki, ki sa hannu a ranar. Ranar Juma'a da safe ku zauna rabin awa ku tattauna takardu biyu ko uku ba tare da ambaton sunan masu su ba, kuma wanda ya yi rauni a sanar da makarantarsa a ƙarshen watan farko, tun da sauran lokacin gyara. Ki haramta ɗaukar hoton takardar maras lafiya ana turawa ta WhatsApp, kuma kowane ɗalibi ya faɗa wa mutum cewa shi mai koyo ne, ya nemi yardarsa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne da ke horo a wani asibiti a jihar Tawa. Babu na'urar auna ji a wurin, sai fitilar duba kunne. Shin ba ɓata lokaci nake yi ba? (Daga wani ɗalibi a Tawa)

AMSA: Ba ka ɓata lokaci, ɗana, muddin ka san abin da kake nema. Yawancin masu zuwa da ciwon kunne a irin wurin da kake, yara ne masu zubar ruwan kunne da manya masu toshewar dauɗa, kuma wanda ya iya bambance lafiyayyen dodon kunne da wanda ya huje ya riga ya yi nisa. Ka nemi ƙarfen nan mai baki biyu da ke yin amo in an buga shi, na 512 Hz, ka koyi gwajin Rinne da na Weber, waɗanda ke nuna ko matsalar ta hanyar shigar sauti ce ko ta jijiya. Ka kuma koyi gwajin raɗa: ka tsaya bayan mutum tazarar tsawon hannu, ka toshe ɗaya kunnen kana murza shi a hankali da yatsa, ka fitar da numfashinka duka, sannan ka raɗa lambobi uku da harshen da yake ji, ya maimaita. Wanda ya kasa, da duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ya wuce shekara 2 bai fara magana ba, ka nuna wa mai kula da kai domin a rubuta masa takardar zuwa inda ake da na'ura, ka kuma rubuta a karnenka ranar da aka tura shi da abin da aka gano idan ya dawo.